Wane cokalin? Inda lissafin mil, ɗigo da oza yake ruɗa mutane

Kwanakin baya na tsaya a wani kemis a Jega zan sayi maganin mura, sai na tarar da wata dattijuwa a gabana da jikanta a goye, yana ta ƙananan koke-koke. Ta miƙa wa yaron shagon takardar da aka rubuto mata daga asibiti, ya ɗauko kwalbar maganin zazzaɓi ya dire mata a kan teburin shagon.

"Ɗana, mi anka rubuta nan?"

"Mil biyu da rabi, Inna, sau ukku a wuni."

"Ni ban san mil ba. Cokali nawa za ni ba shi?"

"Rabin cokali."

Ta ɗan yi jim, ta gyara goyonta, sannan ta ce, "Wane cokalin? Na shayi, ko wanda ake cin shinkafa da shi?"

Yaron ya yi dariya, ni ma na murmusa. Amma a mota, kan hanyata ta komawa Birnin Kebbi, na yi ta juya maganar har na gane duk cikinmu ita ce ta yi tambayar masu ilimi. Mil ɗaya ne tal a duniya. Abin da ake kira mil a Jega shi ne mil a Yamai, shi ne a Dubai, shi ne a Landan. Cokali kuwa suna ne da abubuwa da yawa suke amsawa. Haka ɗigo, haka murfi, haka galan, haka ma ozar nan da ake bugawa a jikin kwalbar turare da fidar jarirai. Wanda zai mayar da mil zuwa ɗaya daga cikinsu ya bar ma'auni mai fuska ɗaya ne ya koma ga mai fuska biyu ko uku. Lissafin kansa ba wuya, ɗan aji biyar na firamare zai yi shi. Wuyar tana wajen sanin wane cokalin, wace ozar, wane galan.

Shi mil ɗin, cikakken sunansa mililita, wato kashi ɗaya cikin dubu na lita. Da za a ƙera ɗan akwati mai santimita ɗaya a tsawo, ɗaya a faɗi, ɗaya a zurfi, ruwan da zai cika shi shi ne mil ɗaya. Bai kai dunƙulen magi ba. Tsofaffin malaman asibiti suna kiransa cc, kuma cc ɗaya da mil ɗaya abu guda ne, babu ƙari babu ragi. Idan ruwa ne zalla, nauyinsa giram ɗaya. Sama da shi akwai santilita, wanda ake rubutawa cl, shi kuma mil 10 ne. Ledar fiya wata mai 50cl mil 500 ce, kwalbar lemo mai 35cl mil 350. Komai goma-goma yake tafiya, ba ka buƙatar komai sai ƙara sifili ko cire shi. Faransa ce ta kafa wannan tsari da doka a 1795. Najeriya ta rungume shi a shekarun 1970, zamanin da naira da kwabo suka kori fam da sule a 1973, gidajen mai kuma suka bar galan suka koma lita.

To me ya hana tsofaffin ma'aunan mutuwa, bayan shekara hamsin? Abu biyu. Na farko, babu gidan da ba cokali, amma gidaje nawa ne ke da sirinji a cikin kwanon ajiya? Mutum da abin da ke hannunsa yake awo. Na biyu Amurka ce, wadda har yau ba ta saki ma'aunanta na gado ba, ga shi kayanta da bidiyoyinta na girki da noma da kiwon kaji sun cika wayoyinmu. Matashi a Argungu zai kalli manomin Amurka yana haɗa maganin feshi da oza da galan, ya tashi zai kwaikwaya da kwalbar da aka rubuta mata mil.

Ozar ruwa, wadda ake rubutawa fl oz, iri biyu ce. Ta Amurka mil 29.57, ta Ingila mil 28.41. Dalilin yana cikin tarihi. A da can Ingila tana da galan fiye da ɗaya: na giyar inabi daban, na giyar sha'ir daban, na hatsi daban, kamar dai yadda mudun wata kasuwa ba ya zama ɗaya da na wata a wajenmu. Turawan da suka ƙaura Amurka sun tafi da galan ɗin giyar inabi, wanda doka ta tsayar da girmansa a 1707, zamanin Sarauniya Anne. Suka sami 'yancin kai a 1776 suna riƙe da shi. Sai a 1824 majalisar Ingila ta share duk tsofaffin galan ɗin ta kafa guda ɗaya, ta ce galan shi ne abin da zai ɗauki laba 10 ta ruwa. Kowace laba oza 16 ce, ke nan galan ɗin Ingila ya tashi da oza 160, lita 4.546. Amurka ba ruwanta da wannan gyara, ta ci gaba da nata mai lita 3.785, ta raba shi gida 128.

A nan ne abin yake da ban dariya. Galan ɗin Ingila ya fi na Amurka girma da kashi 20 cikin 100, amma ozar Amurka ta fi ta Ingila girma da kusan kashi 4 cikin 100. Babba ya haifi ƙarama, ƙarami ya haifi babba. Wanda ya san ɗaya kawai ya yi zaton ya san ɗayan, ya faɗa rami.

Ga wanda yake son lissafi a tsaye, ba tare da waya ba, hanya mafi sauƙi ita ce ya raba mil ɗinsa da 30. Mil 30 oza ɗaya, mil 15 rabin oza, mil 10 sulusi, mil 5 kashi ɗaya cikin shida. In kuma oza ce a hannunsa yana neman mil, ya ninka da 30. Wannan ba ha'inci ba ne, don ko dokar rubutun bayanan abinci ta Amurka mil 30 take ɗaukar oza. In ozar Amurka ce, kuskuren da ke ciki bai kai kashi ɗaya da rabi cikin 100 ba, ba mai ji a bakinsa. Mai son ƙididdiga sosai sai ya ninka mil ɗin da 0.0338 in ozar Amurka yake nufi, ko 0.0352 in ta Ingila ce. Daga nan ne lambobin da muke gani a kwalaben turare suka fito. Mil 50 shi ne 1.7, mil 100 shi ne 3.4, mil 30 shi ne 1.0. Kwalbar ruwa mai mil 500 za ka ga an sa mata 16.9. Ba wani sirri, abu ɗaya ne aka faɗa da harshe biyu. Wannan 3.4 ɗin kuma alhazanmu da ke tashi daga filin jirgin Sir Ahmadu Bello ya kamata su haddace ta, domin tun 2006 aka ƙayyade mil 100 a matsayin iyakar kwalbar ruwa ko turare da ake shiga jirgi da ita a jakar hannu. Wanda ya ga 6.7 a jikin kwalbarsa ya san mil 200 ce, ya tura ta babbar jaka tun kafin jami'i ya raba shi da ita.

Masu turaren mai suna da nasu yaren. Ƙananan kwalaben nan masu bakin murzawa, na mil 3 da mil 6 da mil 12, ba haka kawai aka zaɓi girmansu ba. Daga tola suka samo asali, ma'aunin Indiya wanda ya bi 'yan kasuwa ya shiga ƙasashen Larabawa. Tola a asalinsa nauyi ne, giram 11.66, irin wanda ake auna zinari da shi. Masu turare suka mayar da shi mil 12, rabinsa mil 6, rubu'insa mil 3. A oza, ka ce 0.4 da 0.2 da 0.1. Wato ma'aunin nauyi ne aka ara aka yafa wa ruwa, kuma wannan aron yana jan mu zuwa wani ramin: oza kanta akwai ta nauyi, giram 28.35, wadda ake rubutawa oz kawai ba fl a gabanta. Ga ruwa zalla kusan daidai suke, shi ya sa ba a cika lura ba. Amma zuma ta fi ruwa nauyi, cokali mai mil 15 na zuma yana kai giram 21. Man gyaɗa kuwa bai kai ruwa nauyi ba. Mai sayen zuma da mai sayarwa za su iya yini suna gardama, kowa na da gaskiya, don ɗaya sikeli yake dubawa ɗaya kwalba.

Mu dawo kan tambayar Inna. A takarda, cokalin shayi mil 5 ne, babban cokali mil 15, uku na ƙaramin ke cika babban. Na Amurka na asali sun ɗan gaza kaɗan, 4.93 da 14.79, bambancin da ba ya cutar da kowa. Ostareliya ce ta fita zakka, babban cokalinta mil 20 ne. Kofi ma haka: na Amurka kusan mil 237, na ƙasashe da yawa mil 250. A rubuce, harafi ɗaya ne ya raba ƙaramin da babban, tsp da tbsp, kuma wanda idonsa ya tsallake wannan b ɗin ya rage abinsa zuwa sulusi.

Duk wannan cokalin takarda ne. Cokalin gida, wanda maƙeri ko kamfani ya ƙera don motsa shayi, ba wanda ya auna shi, kuma ba don awo aka yi shi ba. A 2010 wasu likitoci a ƙasar Girka suka shiga gidaje 25 suka tattaro cokulan shayi 71 suka auna su. Mafi ƙanƙanta mil 2.5 ya ɗauka, mafi girma mil 7.3. Kusan ninki uku ke nan tsakanin cokali da cokali, dukkansu kuwa sunansu cokalin shayi. Uwa biyu za su bi umarni ɗaya da zuciya ɗaya, ɗan wannan ya sha rabin abin da ya kamata, ɗan waccan ya sha ɗaya da rabi. Ta farko ta ce maganin jabu ne ba ya aiki, ta biyu ta ce ya yi wa yaro ƙarfi. Shi ya sa ƙungiyar likitocin yara ta Amurka, a ƙasar da ta fi kowa riƙo da cokali da oza, ta fito a 2015 ta ce maganin ruwa na yara a riƙa rubuta shi da mil kaɗai, a daina ambaton cokali. Masu abin sun ajiye shi a wannan fagen, mu ne muke ɗauka.

Iyayenmu mata da suka yi goyo a shekarun 1980 za su tuna waƙoƙin ruwan gishiri da sukari da ake yi a rediyo da asibitin awo. Haɗin da aka koyar a Najeriya a lokacin shi ne gishiri cokali ɗaya shafe, sukari cokali 10 ko ƙwaya 5, a cikin ruwa kwalbar lemo biyu irin ta wancan lokaci, kimanin mil 600. Abin da mutane da yawa ba su sani ba, cokalin da ake nufi a wannan haɗin mai mil 3 ne, ɗan ƙaramin nan da ya fi yawa a gidajenmu a wancan zamani. Haɗin da aka fi yaɗawa a duniya kuwa lita ɗaya ce, sukari cokali 6, gishiri rabin cokali, da cokali mai mil 5. Kowannensu an tsara shi da nasa cokalin da tasa kwalbar. Matsala tana zuwa ne idan aka ɗauko lissafin da, aka yi shi da cokalin yau. Gishiri cike da cokali mai mil 6 a ruwa mil 600 ya ninka abin da tsohon haɗin ya nufa sau biyu, kuma gishiri mai yawa a cikin yaro mai gudawa wata cutar ce a kan cuta. Wanda ya sami na leda da ake sayarwa a kemis ya huta da cokali, sai dai ya duba yawan ruwan da aka rubuta. In lita ɗaya ce, ledar fiya wata biyu masu 50cl ke nan cif.

Da zarar an sauko ƙasa da mil 5, cokali ya fara rasa ta cewa. Mil 2.5 rabinsa ne, to, a iya ƙoƙari, ko da yake cokali ba kwalba ba ne, ƙasansa tsukakke ne samansa a buɗe, rabin zurfinsa bai kai rabin cikinsa ba. Mil 1.25 rubu'insa. Mil 1 kashi ɗaya cikin biyar. Rabin mil kashi ɗaya cikin goma. Wa zai raba cokalin shayi gida goma da ido, da dare, da fitilar waya, yaro na fizge-fizge? A oza ma abin sai ya zama wasa: rabin mil shi ne 0.017, lambar da ba ta gaya wa kowa komai. Makiyayi ya san wannan ko bai san sunansa ba. Allurar aibamektin ta tsutsar ciki da ƙwarin fata, mai ƙarfin kashi 1 cikin 100, mil 1 ake yi wa dabba mai kilo 50. Akuya mai kilo 25 rabin mil ne rabonta. Ba wanda zai ce a auna wannan da cokali, sirinji ake ɗaukowa a dubi layi. Abin mamaki, mutumin da ya auna wa akuyarsa da sirinji da safe shi ne zai auna wa ɗansa da cokalin shayi da yamma.

Sai ɗigo. Ƙa'idar da aka saba ita ce ɗigo 20 mil ɗaya, wato kowane ɗigo 0.05. Amma wannan ga ruwa ne, daga bakin abin ɗigawa na ƙa'ida, a riƙe shi a tsaye. Girman ɗigo yana bin faɗin bakin kwalba, da kaurin abin da ke ciki, da yadda ruwan yake riƙe kansa kafin ya tsinke, har da karkatar hannu. Mai da turare mai sinadarin barasa suna tsinkewa da wuri, ɗigonsu ƙanana ne, sai mil ɗaya ya ba da fiye da 20. Likitocin Landan sun gaji da wannan rashin tabbas tun 1809, suka ƙirƙiro wani ɗan ma'auni mai suna minim, kashi ɗaya cikin 480 na oza, kimanin mil 0.06, don ya maye gurbin ɗigo. Minim ya yi zamaninsa ya shuɗe, ɗigo yana nan.

Inda ɗigo yake da amana shi ne inda aka ƙera masa bakinsa na musamman. Rigakafin shan inna da ake bi gida-gida ana ɗiga wa yara, ɗigo 2 ne, mil 0.1, kuma kwalbar da bakinta take zuwa. A ƙarin ruwa ma haka. Robar da aka fi amfani da ita ga manya ɗigo 20 take bayarwa a mil ɗaya, ta yara ƙanana kuwa ɗigo 60. In likita ya ce leda mai mil 500 ta shiga cikin awa 4, da robar manya ɗigo 10,000 ke nan a minti 240, kusan 42 a minti. Da robar yara 125 ne a minti. Nas ɗin da ka ga ta tsaya tana kallon agogo tana kallon roba, wannan lissafin take yi, kuma majinyacin da ya miƙa hannu ya murɗa don ruwan ya yi sauri ya ƙare, ya rushe mata shi ne ba tare da ya sani ba.

Hausa ta yi mana wata hikima a nan, don kalmar ɗigo ɗaya ce ga na ruwa da na rubutu, kuma na rubutun ya fi na ruwan haɗari. Idan aka rubuta .5 ba sifili a gaba, alƙalami bai kama sosai ba ko takarda ta jiƙe, sai a karanta 5, ninki goma. Idan aka rubuta 5.0 ɗigon ya ɓace, ya zama 50. Shi ya sa ake horon ma'aikatan lafiya su rubuta 0.5 da sifilinsa, su rubuta 5 ba jela. Mu a Kebbi muna da ƙarin namu, saboda kayan da ke shigowa ta Kamba daga Nijar da Benin da Faransanci suke zuwa, su kuma waƙafi suke sawa inda muke sa ɗigo. A wajensu 2,5 biyu da rabi ne, kuma 1,250 ɗaya da rubu'i ne, ba dubu da ɗari biyu da hamsin ba. Suna kuma son cl fiye da mu. Wanda ya ga 2cl ya ɗauka mil 2 ne ya rage kashi tara cikin goma.

Akwai wanda ya fi duk waɗannan, kuma shi ba a juya shi da kowace ninkawa: mg da ml. Harafi ɗaya ne tsakaninsu a ido, amma ɗaya nauyin maganin ne, ɗaya yawan ruwan da aka narkar da shi a ciki. Farasitamol na ruwa da aka saba ba yara yana da miligiram 120 a cikin mil 5, wato 24 a kowane mil. Na ɗigawa na jarirai kuwa akwai mai miligiram 100 a mil ɗaya tak. Ya ninka wancan fiye da sau huɗu. An yi shi da ƙarfi ne don jariri ba ya iya haɗiye ruwa da yawa. Uwar da ta saba da "cokali ɗaya" ta cika cokali da wannan, ta ba jaririnta miligiram 500, ƙwayar babban mutum guda cur, kuma hanta ce ke biyan bashin. Don haka tambayar "mil nawa?" ba ta cika ba sai an haɗa ta da "na wace kwalbar?"

A gona lissafin ya fi girma, amma ramin iri ɗaya ne. Ka shiga fadamun shinkafa na Argungu ko Suru, ko gonakin albasa na Aliero, za ka tarar ma'aunin maganin feshi shi ne murfin kwalba da gwangwanin madara. "Gwangwani ɗaya a famfo ɗaya," haka ake gadon maganar daga maƙwabci zuwa maƙwabci. Amma famfon goyo akwai mai lita 15, akwai 16, akwai 20. Gwangwanin ma girma-girma ne, abin da aka rubuta a jikinsa kuma giram ne na madarar, ba mil ba. Ɗauki misalin wanda ya ji a bidiyo an ce oza ɗaya a galan ɗaya. In Ba'amurke ne mai maganar, kashi ɗaya cikin 128 yake nufi, famfo mai lita 16 zai ci mil 125. In ma'aunin Ingila ne, kashi ɗaya cikin 160 ne, famfon nan dai mil 100 zai ci. In kuma manomin ya fassara galan da namu na kasuwa, wanda 'yan bumburutu ke sayar da fetur a ciki, wani lita huɗu wani biyar, ya fito da lamba ta uku da ta huɗu. Jimla ɗaya, amsa huɗu.

Takardar jikin kwalbar da ake sayarwa a nan ta fi sauƙi, don da lita a hekta take magana, sai dai tana buƙatar manomi ya san abu ɗaya game da kansa: famfo nawa yake ƙararwa a hekta. A ce an rubuta lita 4 a hekta, shi kuma tafiyarsa da bakin famfonsa suna cin ruwa lita 200 a hekta. Famfo 12 da rabi ke nan mai lita 16, kowane zai ɗauki mil 320. Ɗan'uwansa mai saurin ƙafa da ke gama hekta da famfo 10, nasa mil 400 ne. Dukkansu daidai suke, don abin da ƙasa ta sha ɗaya ne. In suka yi musayar lamba kuwa, ɗaya ya ƙona shuka ya ƙona kuɗi, ɗaya ya yi wa ciyawa wanka ta miƙe ta ci gaba da rayuwa.

Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kuma ban musa ba, a inda karin maganar ta dace. Mai tuwo ba ta taɓa auna ruwa da mil ba, tuwonta bai taɓa kwaɓewa ba. Mai yin kek da ta ga oza 4 ta madara ta zuba mil 120, ko na Ingila ne ko na Amurka, ba wanda zai gane a faranti. Amma kimar ido tana da iyaka, kuma iyakar lissafi ce. Kuskuren rabin mil a kofi mai mil 250 kashi ɗaya ne cikin 500. Wannan rabin mil ɗin dai a awon Inna na mil biyu da rabi kashi ɗaya ne cikin biyar. A allurar akuya kuwa ninki biyu ne, ko kuma babu komai. Kuskuren bai canja girma ba, abin da ake aunawa ne ya ƙanƙance har kuskuren ya yi masa yawa. Ra'ayina ke nan a kan wannan lamari: a kicin da shagon turare, a juya mil zuwa duk abin da aka ga dama. Amma abin da ya gaza mil 5, ko abin da ƙarfinsa zai iya cutarwa, magani ne ko guba, kada a juya shi ko kaɗan. A bar shi a mil ɗinsa, a nemo abin da ke da layin mil. Ina kuma ganin laifin ya fi karkata ga mu masu karatu da masu shagon magani, da muke saurin cewa "rabin cokali" don a sallami mutum, alhali sirinji mai mil 5 da aka cire wa allura kuɗinsa bai kai na kwalbar lemo ba, kuma ana iya ja masa layi da biro a daidai inda za a tsaya. Wadda ba ta san boko ba ta san layi.

Manomi ma haka. Tsohuwar fidar jariri da aka daina amfani da ita tana da layin mil a gefe ɗaya, oza a ɗaya gefen. A auna ruwa mil 100 da ita a juye a gwangwani, a karce wurin da ƙusa, a ƙara wani 100 a sake kartawa. Gwangwanin ya zama ma'auni na gaske, a rataye shi jikin famfo, fidar kuma kada ta sake komawa ɗaki.

Da na isa gida ran nan na sayi sirinji a bakin titi, na kwaso duk ƙananan cokulan da ke kicin na jera su a kan tire, na riƙa cika su da ruwa ina zuƙewa ina duba layi. Wani ɗan siriri da muka gada bai kai mil 4 ba. Biyu sun tsaya kusa da 5. Wani mai zurfi da aka sayo cikin saiti ya haura 6. Uwargida ta shigo ta same ni durƙushe a gaban tire, ta tambayi abin da nake yi, na yi mata bayani. Ta ɗauki mai zurfin nan ta juya shi a hannu, ta ce ai da shi take ba auta magani tun bara, don shi ne ba ya zuba.